Wa Ya Ɗora Mu Kan Kujera?

Duk mai karanta littattafan Hausa a waya ya san irin bangon da ake yayi yanzu. Budurwa ce fara sol a kan wata luntsumemiyar kujera, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, bayanta labule har ƙasa da fitilu suna reto kamar a otal. Ko kuma saurayi ne cikin shadda mai ɗaukar ido, ya baje a kushin yana kallon inda babu kowa. Haka abin yake a Wattpad, haka yake a zaurukan WhatsApp da shafukan marubuta na Facebook. To, sai ka buɗe littafin. A shafin farko yarinya ta durƙusa har ƙasa tana gaida mahaifinta, shi kuma yana kan buzu ya tanƙwashe ƙafa yana jan carbi. Can gaba kishiya ta rakuɓe a bakin ƙofa, tsohuwa ta miƙe ƙafa a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Labarin duk a ƙasa yake gudana, amma bango ya kwashe mutanen ya ɗora su kan kujerar da ko sau ɗaya ba a ambace ta a ciki ba.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san inda waɗannan hotuna suke fitowa, mun kuma san abin da ya sa dukkansu suke zama iri ɗaya. Saboda haka bari mu faɗi maganar ba kwana-kwana. Duk hoton Bahaushe a zaune da aka kasa kama zamansa daidai, ƙarya aka yi masa. Marubucin da ya liƙa irin wannan hoto a gaban littafinsa kuwa ya sa hannu a ƙaryar, ko ya sani ko bai sani ba.

Wani zai ce, haba jama'a, zama ne fa kawai, mene ne abin tada jijiyar wuya? Harshenmu da kansa ya ba shi amsa, domin Bahaushe bai taɓa ɗaukar zama a matsayin abu guda ba. Akwai tsuguno, akwai durƙuso, akwai gurfane, kuma kowanne da wurinsa. Baƙuwar da ta ɗosana a bakin gado ta gaya maka ba ta saki jiki da gidan ba tun kafin ta buɗe baki. Yaron da ya takure a lungu ya yi laifi ko an yi masa. Maigida yakan kishingiɗa bayan la'asar, sabon mai kuɗi yakan hakimce, wanda duniya ta juya wa baya yakan haɗa kai da gwiwa. Wadda ta yi zaman dirshan a tsakar gida ta ɗora hannu a ka, ba sai an tambayi ko lafiya ba. Ga zaman tahiya da yaro yake koya tun bai iya karatun boko ba, ƙafar dama a kafe, ta hagu a kwance. Ga tagumi, wanda da zarar babba ya gan shi a wurin yaro zai ce maza a sauke. Al'ummar da ta ware wa zama kalmomi masu yawa haka, tana karanta zama kamar yadda take karanta fuska.

Kuma zama yana faɗin matsayi. Ɗa nagari ba ya hawa kujera mahaifinsa yana ƙasa. Suruki ba ya miƙe ƙafa a gaban surukinsa. Ɗalibi a zaure yana gurfane ne gaban malam da littafi a hannu har a gama biya masa. A fada, sarki kaɗai ke kan karaga, kowa yana ƙasa komai girman rawaninsa, kuma idan sarki zai zauna dogarai sukan baza rigunansu su kare shi har sai ya gama kintsawa. Wato hatta lokacin da jiki yake sauka daga tsayuwa zuwa zama abu ne da aka ba shi daraja. Wani masanin halayyar al'umma ɗan Faransa, Marcel Mauss, ya gabatar da lacca a 1934 inda ya nuna cewa tafiya da iyo da zama duk koyonsu ake yi, kowace al'umma da irin nata. Har ya ce ana iya raba 'yan Adam gida biyu, masu tsuguno da masu zaman kujera, ya kuma koka cewa mutanensa sun raba 'ya'yansu da tsuguno. Kakanninmu ba su ji laccarsa ba, amma da sun ga yadda baƙo ya zauna sun san irin gidan da ya fito.

Idan haka ne, me ya sa masu zane suke gudun zamanmu? Domin zana mutum a zaune aiki ne ja, a zaune a ƙasa kuwa ya fi. Masu koyar da zane suna auna mutum da tsawon kansa: baligi a tsaye kai bakwai da rabi ne ko kusa da haka. Da ya zauna, lissafin ya wargaje. Daga mazaunai zuwa tsakar ka abin da ya rage wajen kai huɗu ne, sauran kuwa sun karye a ƙugu da gwiwa sun nufi wani wajen. Idan cinya ta fuskanto mai zane, tsawonta yakan ɓace wa ido, gwiwa ta taso gaba ta yi girma, ƙugu ya ɓuya a bayanta. Ƙwaƙwalwa ta san cinya doguwa ce, ido kuwa guntuwa yake gani. Ɗan koyo yakan bi ƙwaƙwalwa ya bar ido, sai ka ga ƙafa ta zubo kamar an karya ta.

Sai batun nauyi. Mai tsayuwa nauyinsa yana kan tafin ƙafa, mai zama kuwa nasa yana kan ƙasusuwa biyu na mazaunai. Dole mai zane ya nuna inda nauyin ya sauka: yadda jiki ya baje, yadda katifa ta lotsa, yadda inuwa ta yi duhu a daidai inda mutum ya haɗu da ƙasa. In bai nuna ba, mutumin zai fito kamar yana shawagi a saman tabarma. Kujera tana rage wa mai zane rabin wannan wahala, domin tana karya jiki gida uku kamar matakala, gangar jiki a tsaye, cinya a kwance, ƙwauri a tsaye. A ƙasa babu wannan gata. Ƙwauri ya ratsa ƙwauri, tafin ƙafa ya shige ƙarƙashin cinya, gadon baya ya ɗan lanƙwasa, kafaɗa ta sauko gaba. Kowace gaɓa tana ɓoye wata.

Ɗauki tsuguno kaɗai. Wanda ya tashi da shi, diddigensa a ƙasa yake, tafin ƙafarsa gaba ɗaya ya dafe ƙasa, gwiwa ta zo kusa da hammata, kuma yana iya shafe awa guda a haka yana cinikin tumatir. Wanda ya tashi a kan kujera, da ya tsuguna sai diddige ya ɗage, ya tsaya kan yatsu yana tangaɗi. Bambancin ya kai har cikin ƙashi, domin masu binciken ƙasusuwan mutanen dā suna gane wanda ya rayu yana tsuguno daga wata 'yar alama da ke fitowa a ƙasusuwan idon sawu. Mai zanen da ya ɗage wa mai tallan tumatir diddige ya mayar da shi baƙo a kasuwarsa.

Tufafinmu kuma suna ƙara wa aikin nauyi. Idan mai babbar riga ya tanƙwashe ƙafa, rigar takan zama kamar tanti, gwiwoyi biyu su ne turaku, yadi ya miƙe tsakaninsu ya zubo gefe da gefe, aikin askar da ke ƙirji ya karye a ciki. Wanda bai san inda gwiwa take a ƙarƙashi ba, buhu zai zana ya ɗora masa kai. Mace mai ɗaurin zane ba ta cika tanƙwashewa irin ta namiji ba. Takan miƙe ƙafafu a haɗe, ko ta karkatar da su gefe guda, ko ta hau kujera 'yar tsuguno, gwiwa ta fi ƙugu tudu, ta tattare zanen a tsakanin ƙafafunta tana tuƙa tuwo. Hijabi ya zubo daga ka har ƙasa, amma kafaɗa da gwiwa suna nan suna magana ta cikinsa. Babu littafin koyon zane na Turai da zai nuna maka waɗannan. Sai ka zauna ka kalla.

Yanzu mu zo ga na'ura, inda sana'armu take. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu fitar da hoto, irin su Midjourney da Stable Diffusion da suka fito a 2022, ba su taɓa ganin mutum ba. Hotuna aka ɗura musu, kowanne da ɗan rubutun da aka same shi da shi a intanet. Rumbun da aka ɗebo hotunan koyar da Stable Diffusion daga cikinsa, wanda wata ƙungiya a Jamus mai suna LAION ta tara, yana ɗauke da hoto sama da biliyan 5, kuma sama da biliyan 2 daga ciki rubutunsu na Turanci ne. Na'ura ba ta san daidai ba, abin da ya fi yawa ta sani. Idan ka ce mata mutum a zaune, sai ta lalubo abin da ya fi zuwa tare da wannan kalma a cikin abin da ta haddace, wato kujerar ofis da kujerar falo. Idan ka matsa mata ka ce a ƙasa yake ya tanƙwashe ƙafa, sau da yawa mai yoga za ta miƙo maka, baya a miƙe kamar sanda, hannuwa a kan gwiwa. Ko a cikin wayarka ma, ɗan hoton nan na mutum a tanƙwashe da ake turawa a saƙo, wanda ya shigo a 2017, da sunan zaman yoga aka yi masa rajista. Hotuna nawa ne a duk faɗin intanet aka rubuta "ta ɗosana" ko "ya gurfana" a ƙarƙashinsu?

Akwai wani abin kuma da ba kowa ya sani ba. Lokacin da ake koya wa kwamfuta gane yadda jikin mutum ya tsaya ko ya zauna, ɗigo-ɗigo ake sa wa a gaɓoɓi. Wani shahararren rumbun hotuna mai suna COCO, wanda masu wannan aiki suka daɗe suna dogara da shi, ɗigo 17 ya ware wa mutum. Biyar suna fuska: hanci, idanu, kunnuwa. Sauran 12 su ne kafaɗu, gwiwoyin hannu, wuyan hannu, ƙugu, gwiwoyi da idon sawu. A idon sawu aka tsaya. Babu diddige, babu yatsun ƙafa. Daga baya wasu sun ƙara ɗigon ƙafa a nasu tsarin, amma duba abin da aka fara mantawa da shi: daidai wurin da ke bambanta tsugunonmu da na ɗan kujera, daidai wurin da ke nuna zaman tahiya. Sannan ka sa wa mutumin babbar riga, ƙugu da gwiwa su ɓace, na'ura ta koma canki-canki.

Abin da aka shuka shi ake girba, kuma a nan ne haɗarin ya fi girma. Hoton da na'ura ta fitar yau, marubuciya za ta ɗora shi a intanet da sunan littafinta na Hausa a ƙarƙashi. Gobe masu tara hotuna su kwashe shi su koyar da sabuwar na'ura. Ita kuma ta haddace cewa Hausa da kushin tare suke tafiya. Ƙaryar da muka aro ta zama shaida a kanmu, da hannunmu muka rubuta ta.

Mun san amsoshin da za a ba mu. Ta farko, ai mu ma muna da kujeru, ko so ake a mayar da mu zamanin dā? Muna da su mana, kuma a zana su. Amma a zana yadda muke zama da su. Gida nawa ne falo cike da kushin, amma da an kawo tuwo kowa ya sauko kan kafet? Dattijo nawa ne yake hawa kujera ya naɗe ƙafa ɗaya ya ɗora a kai? Baƙo yana shigowa a nuna masa kujera, ya zame ƙasa ya gaida masu gida tukuna. Ga bencin mai shayi, ga dakalin ƙofar gida, ga kujerar roba ta wurin biki da gwaggo take cika ta har ta yi ƙara. Duk waɗannan zamanmu ne na yau, kuma babu ko ɗaya a bangon littattafan nan.

Za a kuma ce mai karatu mafarki yake saye, yana son ya ga daula. To, wa ya ce daula a kan kujera take? Attajirin Kano na dā a kan kilishi yake zama ya jingina da tim-tim, fatake suna gurfane a gabansa. Malamin da sarakuna suke zuwa gaishe shi a kan buzu yake. Abin da muke koya wa yara ba tare da mun furta ba shi ne kujera arziki, ƙasa talauci. Yaron da ke riƙe da waya yana ganin zaman ƙasa a hotunan yunwa da gudun hijira da bara, yana ganin kujera a hotunan soyayya da nasara. Ranar da ya shiga zauren kakansa ya same shi a kan buzu, me muke zaton zai raya a ransa? Wannan ita ce asarar da ta fi ta bango.

Amsa ta biyu kuɗi. Marubuciyar da take sayar da littafinta kuɗi kaɗan ta waya, ina ta ga na biyan mai zane? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai akwai abin dubawa. Marubutan nan su ne suke buɗe littafi da gargaɗi cewa duk wanda ya karanta bai biya ba, ko ya fitar da shi waje, ba su yafe ba. Suna da gaskiya, gumi ne. To, na'urar da suke sa ta yi musu bango, da gumin wa aka koyar da ita? Da ayyukan masu zane da masu ɗaukar hoto da aka kwasa ba a tambaye su ba. A farkon 2023 wasu masu zane uku a Amurka sun kai kamfanonin da ke yin irin waɗannan manhajoji kotu a kan haka, kamfanin hotuna na Getty Images ma ya shigar da tasa ƙarar. Wanda yake Allah ya isa a shafi na ɗaya bai kamata ya ci haƙƙin wani a bango ba. In babu kuɗin mai zane, a rubuta sunan littafi da kyakkyawan rubutu a yi masa ado da dagi. Ya fi mutunci.

Amsa ta uku addini, kuma ba za mu tsallake ta ba. Akwai hadisai ingantattu masu tsoratarwa game da zana abu mai rai, akwai kuma malaman da suka hana shi gaba ɗaya. Malaman Malikiyya sun bambance tsakanin sura mai inuwa, wato mutum-mutumi, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, suka tsananta a kan na farko suka sassauta a kan na biyu. Fatawa ta malamai ce, mu ba mu da buzu a wannan majalisa. Wanda ya bi hani ya bar hoton mutum ɗungurungum, ya ƙawata littafinsa da zayyana, muna girmama shi, babu rigima tsakaninmu. Rigimarmu da wanda zai ƙi biyan yaron unguwarsu mai zane da sunan tsoron Allah, sannan da daddare ya sa na'ura ta ƙera masa budurwa da gashi har gadon baya. Wannan rowa ce aka naɗa wa rawani.

Masu zanen hannu ma ba su tsira ba. Da yawa daga cikinsu Pinterest ce malamarsu. A nemo hoton wata Ba'indiya ko Balarabiyar Dubai a kan kujera, a bi layinta, a ɗaura mata ɗankwali, a ce Hausa ce. A makarantun da ake koyar da zane kuma, idan za a zana mutum mai rai, abin da aka saba shi ne a jawo kujera a tsakiyar aji a ɗora shi a kai, domin haka aka gada daga waɗanda suka kawo darasin. Ɗalibi ya gama karatu ya iya zana Bature a zaune, bai iya zana uwarsa tana tankaɗe ba. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Da zanen ɗaurawa yake, amma karin maganar ya hau kan zanen takarda daram, har katarar ma ita ce dai ake kasa zanawa.

Abin takaicin shi ne wasu sun yi wannan kallo tun da daɗewa, kuma aikinsu yana nan. Muƙamatul Hariri da ake karantawa a zaurukanmu, wani mai zane a Bagadaza, Yahaya al-Wasiɗi, ya kwafe ta da hannunsa ya yi mata zane kusan 100 a shekarar 1237. Kwafin yana babban ɗakin karatu na Faransa a Paris. A ciki za ka ga malamai da ɗalibai zaune a ƙasa gaban kantocin littattafai, ka ga alƙali a kan shimfiɗarsa masu ƙara suna gabansa, kowa da irin zamansa, riguna sun zubo yadda riga take zubowa. A 1479 wani mai zane ɗan Italiya, Gentile Bellini, ya je Santambul bisa gayyatar Sultan Muhammadul Fatih. Akwai wani ɗan ƙaramin zane da ake dangantawa da shi, yana Boston a Amurka yanzu: saurayi da rawani ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora takarda a gwiwa, ya sunkuya yana rubutu. Duk wanda ya taɓa ganin alaramma yana rubuta allo zai gane wannan sunkuyo. Baƙo ne daga ƙasar kujeru, amma da ya zo sai ya buɗe ido ya zana abin da ya gani.

A ƙasar nan tamu ma haka. Mutum-mutumin gasasshen yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa wajen haƙar kuza a kudancin Jihar Kaduna ta yau, sun haura shekara 2000, kuma a cikinsu akwai mutum zaune ya ɗora haɓa a kan gwiwa, ɗan'uwan tagumi sak. A ƙauyen Tada na ƙasar Nufe, bakin kogin Kwara, an samu wani mutum-mutumi na jan ƙarfe mai shekara wajen 700, yana zaune a ƙasa ya naɗe ƙafa, nauyinsa ya karkata gefe guda kamar mai shirin gyara zama. Ba kira muke a koma sassaƙa ba, kuma ba mu ce Hausawa ne suka yi su ba. Shaida ce kawai cewa idon mutanen wannan yanki ya daɗe da sanin yadda jiki yake sauka ƙasa. A 1958 kuma wasu ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su ci gaba da zana duniya da idon malamansu Turawa kaɗai ba, sai sun haɗa da abin da suka gada. Aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. A Zariya aka yi wannan tawaye, a tsakiyar ƙasar Hausa, shekara sama da 60 da suka wuce. Mu kuma yau muna miƙa wuya ga na'urar da ko tabarma ba ta taɓa gani ba.

Gyaran ba ya buƙatar taro ko kwamiti. Mai koyon zane ya ajiye waya ya ɗauki fensir da takarda ya fita. Ya nemi izini, domin ba a zana mutum a sace. Ya je majalisar dakali, ya je tashar mota, ya je marinar Ƙofar Mata a Kano, ya zauna wurin masu bugun shadda da masu ɗinkin hula da wanzamai. Wanda ke Damagaram ga dukawa nan, wanda ke Agadas ga maƙeran azurfa. Ya fara da inda nauyi ya sauka, sannan layin gadon baya, sannan gwiwoyi da diddige, sannan ya yafa tufafi a kai. Fuska ta zo ƙarshe. Ya riƙa duba ramukan da ke tsakanin hannu da cinya da ƙasa, domin su ne suke faɗin gaskiyar zama idan ƙwaƙwalwa ta so yin gardama. Zane na minti biyu guda ashirin ya fi na awa biyu guda ɗaya da aka kwafa daga hoto. Malaman zane kuma su fitar da kujerar nan daga tsakiyar aji su shimfiɗa tabarma, ko da sau ɗaya a mako.

Akwai wani ɓangaren da namiji ba zai iya ba. Rabin zaman Bahaushe a cikin gida yake, inda aka rubuta ba shiga. Zaman kitso, zaman lalle, zaman jego, zaman amarya a lulluɓe ƙawaye sun kewaye ta, duk a can suke, kuma a can ne yawancin labaran littattafan nan suke faruwa. Mata ne kaɗai za su iya zana su da ido. Yarinyar da ake yi wa faɗa don ta cika bayan littafin lissafinta da zane, ita ce mai bangon da marubutanmu suke nema ba su sani ba. A saya mata fensir.

Marubuta kuma su nemi masu zanen nan su biya su, ko da kaɗan ne, su sa sunansu a littafi. Su tura musu shafin da ke ɗauke da zuciyar labarin su ce wannan za a zana, da zaman da ke cikinsa. Masu zanen barkwanci na jaridu irin su Mustapha Bulama sun isa shaida cewa akwai hannu a ƙasar nan. Mu masu manhaja namu aikin shi ne tarawa da sa suna. Yadda aka tara muryoyin Hausa a Common Voice, aka tara rubutu a Wikipedia ta Hausa, haka ya kamata a tara hotuna da zane-zanen zamanmu, da yardar masu su da haƙƙin masu zanen, kowanne a rubuta masa sunansa na gaskiya: tsuguno, gurfane, kishingiɗe, ɗosane. Ko an yi hakan, na'ura a bayan mai zane za ta tsaya, domin ba ta iya kallon abin da wani bai riga ya kalla ba.

Kai kuma mai karatu, kana da ƙarfin da ba ka zata ba, tunda don kai ake yin bangon. In an turo maka sabon littafi, kafin ka yaba fuskar da ke gaba, sauke ido ƙasa ka duba ƙafafu. Ka tambayi kanka ko ka taɓa ganin wani a gidanku ya zauna haka. In ba ka taɓa ba, ka gaya wa marubucin, cikin ladabi, cewa mutanen littafinsa suna ƙasa suna jiran a zana su.